Abin da ke Cikin Ƙullin Yaya

Shekara arba'in da ɗoriya mutanen Zongon Parakou suna zuwa ƙofata neman maganin zafin kai, kuma duk tsawon wannan lokaci ban taɓa gaya wa kowa cewa ban san dukansa ba. Ƙarya dai ban yi ba. Ba a tambaye ni ba, ni kuma bakina bai yi min ƙaiƙayi ba.

Gari ne kore mai duhu, ana barbaɗa ɗan kaɗan a kunu ko a fura. Wanda zazzaɓi ya sake shi ya bar masa nauyin kai, yana kallon mutane kamar daga ƙarƙashin ruwa, shi ake ba. Mahauta da dillalan shanu su ne suka fi zuwa, don rana takan dafa musu kai a kara. Har daga bakin iyaka an aiko mota takanas saboda garina. Ban yi lakwal ba, ban san boko ba, ko sunana aka rubuta a bango zan wuce shi ban gaishe shi ba, amma masu farar riga sun zauna a tabarmata sun ce "Hajiya, a taimaka."

Asalin maganin na Inna ne, mahaifiyarmu. A Djougou aka haife mu, mu biyu mata, ni da Yaya wadda ta girme ni da shekara huɗu. Babanmu fatoma ne. Fataken goro daga Salaga in sun sauka garin, gidanmu suke nufa, shi zai ba su ɗaki, ya sa a dafa musu tuwo, ya yayyafa wa huhun goronsu ruwa, ya nemo musu mai saye, ya tsare ƙofa har su tashi. Inna kuma ita ke jinyar wanda hanya ta kayar.

Da aka sa ranar aurenmu, Yaya za ta wani ƙauye a wajen Partago, ni kuma Parakou, sai Inna ta kira mu ɗaka ɗaya bayan ɗaya. Ni ta ba ni abu uku: ganyen marke, ɓawon hano, da ɗoɗɗoya. Ta nuna min lokacin tsinka, da yadda ake shanya su a inuwa. Na ce, "Inna, shi ke nan?" Ta ce, "Naki ke nan. Akwai na huɗu, yana wurin yayarki. Kada ki tambaye ta, kada ta gaya miki. Kowace kaka ki ɗauki naki ki je gidanta ku haɗa." Na fito ina kumburi. Ni uku, ita ɗaya, amma na san wadda aka ba ɗaya ita aka ba mabuɗi.

Sai da na girma na gane dabarar tsohuwar. Ta san aure yakan raba 'yan'uwa, ta san zumunta a ƙafa take, sai ta ɗaure mana ƙafa da magani.

Ga yadda muke yi. Ruwa yana ɗaukewa, doya ta fara shigowa kasuwa, zan hau mota da buhuna. Washegarin isata, rana ta ɗan ɗaga, zan shiga ɗakin girki in juya wa ƙofa baya in fara daka. Hano nake fara sawa, shi ne mai ƙamshi, yakan cika gida kamar an kunna turare. Yaya tana jin taɓarya za ta miƙe, ba ta ce wa kowa uffan, ta fice ta ƙofar baya. Kafin azahar ta dawo da ƙulli a farin ƙyalle, ta shige ɗakinta. Kwana bakwai abin yana bushewa a can ƙarƙashin jinka, mu kuma kwana bakwai muna hira, muna faɗa, muna kitsa wa juna kai. Ran na takwas ta daka nata ita kaɗai, mu juye a faifai ɗaya mu gauraya, mu raba biyu. Ko na taɓa leƙawa? Sau ɗaya na kai hannu ga asabarin ɗakinta, na tuna bakin Inna, na janye.

Ni na fara karya abin. Suna ya yi min yawa a Zongo, ga 'ya'ya, ga jikoki, ga baƙi a zaure. Wata kaka na ce wa direban motar Djougou ya gaya wa Yaya ba zan samu zuwa ba, ta aiko min da nata dakakke. Ta aiko. Ba ta ce komai ba, ƙullin ne kawai da 'yar daddawa a gefe. Wata shekarar ma haka, da ta bayanta. Na ce a raina ashe abin da sauƙi. Shekara goma sha ɗaya ƙullin yana zuwa da ƙafarsa, ni ban je da tawa ba sai in an yi rasuwa ko suna.

Sai wata kaka ƙullin bai zo ba. Aka ce min Yaya ta fara mantuwa, tana sa gishiri sau uku a miya, tana neman mijinta da ya rasu tun tuni. Ɗanta, mai sayar da nama a Djougou, ya ɗauko ta daga ƙauye ya dawo da ita gidansa. Na je na duba ta, na bar mata garin da ya rage min, ta sha, bai tsayar da komai ba. Wannan ma ban gaya wa mutanen Zongo ba. Na ci gaba da daka ukuna ina bayarwa. Wata maƙwabciyata ta taɓa cewa, "Hajiya, kamar garin nan ya rage ƙarfi." Na ce, "Kanki ne ya ƙara tauri." Amma na ainihin, na ƙarshe da aka haɗa da na Yaya, na ɓoye kaɗan a 'yar batta a ƙasan adakata. Wani lokaci nakan buɗe in shinshina kawai.

To, ina da jika, 'yar ɗana na biyu. Sunan Inna aka sa mata, don haka ba na kiran sunanta, Uwata nake ce mata. Ita ce ta yi karatu har ta gaji da shi bai gaji da ita ba. A jami'a take, a wani ɗaki da suke kira labo, tana binciken itatuwa. Wata rana ta zo ta zauna tana matsa min ƙafa, na san akwai magana, don yarinyar nan ba ta matsa ƙafa a banza.

Ta ce, "Kaka, me kike sawa a garin nan naki?"

Na ce, "Za ki buɗe shago ki kashe min kasuwa ke nan."

Ta ce, "Wace kasuwa, ke da rabin masu zuwa goro suke biyanki da shi?"

Na lissafa mata uku, ta rubuta. Ta roƙi ɗan gari, ni kuma don in burge ta sai na ɗebo mata daga battar nan, na ainihin. Girman kai ne, ba wani abu ba. Na so abokan karatunta su ga aikina a ranar da ya fi kyau.

Aka yi wata biyar. Ran nan sai ga ta da safe, ta tsayar da zem a ƙofa, mai babur ɗin yana ta danna ƙaho. Ta ce in sa mayafi, akwai abin da za ta nuna min. Na hau bayan babur da tsufana, ina riƙe da rigar mutumin kamar zan yaga.

Ɗakin nasu sanyi kamar randa, fari fat, ba ƙamshin komai. Ta zaunar da ni gaban wani ƙarfe mai idanu biyu, ta ce in sa nawa idon a kai. Da farko duhu na gani. Ta murɗa wani abu, sai duhun ya buɗe.

Taurari ne. Korra, masu hannuwa da yawa, kowanne ya miƙa siraran yatsu ya taɓa na kusa da shi. Na ji kamar ina kwance a tsakar gidanmu na Djougou ina yarinya, sama ta sauko har kan hancina. Na manta inda nake. Har na ji kamar motsin jakuna a bayan katanga da ƙamshin ɗanyen goro.

Na ce, "Uwata, wace sama ce wannan?"

Ta ce, "Cikin kai ne, Kaka. Na ɓera."

Na ɗago. "Ɓera? Maganin da alhazai ke sha kika ba ɓera?"

Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta yi min bayani a hankali. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai jijiyoyi masu kai saƙo, su ke ɗauko sunan ɗanka su kawo maka baki, su ke gaya wa ƙafa hanyar gida. Amma su ba su iya riƙe kansu ba. Waɗannan masu kama da taurari su ke ba su abinci, su share musu datti, su tsare ƙofa kada mugun abu ya shigo. In cuta ta taɓa kai, sai taurarin su kumbura su ɗau zafi don su yi faɗa da ita. In zafin ya wuce da wuri, lafiya lau. In ya daɗe, sai su bar hidima, su koma ƙona waɗanda suke riƙo.

Na ce, "Ai fatoma ke nan. Ki ce min fatoma mana, kina ta zagaye. Farke komai wayonsa, in mai masaukinsa ya haukace, goronsa ya bushe."

Ta ce, "To fatoman nake nema wa abin da zai sanyaya shi."

Ta nuna min faranti uku, ƙanana kamar marfin kwalba. Duka ukun ta zuba musu abin da ke tayar da zafi. Na farko ba ta sa masa magani ba, na leƙa, taurarin sun kumbura, hannuwansu sun yi kauri sun cukurkuɗe kamar saiwar da ta rasa wuri. Na biyu ta sa masa ruwan itatuwa ukun da na lissafa mata, ta tsinko su da kanta, ta shanya a inuwa yadda na ce. Sun ɗan lafa, amma kaɗan. Na uku ta sa masa ruwan garin batta. Na daɗe a kansa. Yatsunsu sirara, a miƙe, kamar ba abin da ya same su.

Ta ce, "Sau shida na maimaita. Kaka, akwai abin da ke cikin battar nan da ba ya cikin lissafinki. Kuma garin da kika ba ni ya kusa ƙarewa. In ban san mene ne ba, aikina na shekara biyu ya tsaya a nan, ba wanda zai iya sake haɗa shi, har ke."

Na gyara mayafi. Na ce wataƙila hannunta ne ba shi da albarka. Ta kafe ni da idanun nan na Inna. Akwai wasu 'yan mata biyu a ɗakin, abokan aikinta, suna ta ce min madam suna ba ni kujera. A gabansu na faɗa. Na ce, "Akwai na huɗu. Ban san shi ba. Ban taɓa saninsa ba." Maganar ta fito min kamar ana cire haƙori.

Ta ce, "Wa ya sani?"

Na ce, "Wadda ba ta san sunanta ba yanzu."

A mota, hanyar Djougou, na tambaye ta abin da ke cina. Na ce in mun samo, zai dawo min da Yaya? Ba ta yi min daɗin baki ba. Ta ce abin da na gani a faranti ne, faranti kuma ba kan mutum ba ne, tsakaninsu akwai tafiyar shekaru, wataƙila ma a iske bai yi ba. Ta ce abin da ya riga ya ƙone ba ya dawowa. Na juya ina kallon gonakin kashu suna wucewa, inda dā kaɗanya da ɗorawa ne har iyakar gani.

Mun iske Yaya a kan tabarma a inuwar mangwaro, ta rame, an yi mata kitso mai kyau. Matar ɗanta ce ke mata komai, wanka, abinci a baki, wankin zane, kuma na ga gajiya a idon yarinyar har ya yi ja. Na durƙusa na ce, "Yaya, ni ce." Ta dube ni da fara'a irin wadda ake yi wa baƙo, ta ce, "Sannu da zuwa. Daga Salaga kuke? Baba ya fita, amma akwai ɗaki."

Kwana biyu muna tambaya. Uwata ta kawo littafi mai hotunan ganye, tana buɗe mata shafi shafi. Yaya takan shafa takardar ta ce, "Kyakkyawa." Ni na yi lallashi, na yi tuni, har na yi faɗa. Na ce, "Ke Yaya, me kike ƙullewa a farin ƙyalle?" Da ta ji farin ƙyalle sai ta rufe baki gam, ta kau da kai. Ɗanta, da ya dawo daga kasuwa yana wanke hannu, ya ce, "Iya ƙarama, ku bar tsohuwar nan ta huta. Sunana ma ba ta riƙe ba, sai na ganye?"

Kau da kan nan nata ne ya tsaya min a rai. Ta manta ɗanta, ta manta ni, amma ba ta manta an ce kada ta faɗa ba. Sai na ga wautarmu. Shekara hamsin ba a taɓa samun abin nan da tambaya ba. Da taɓarya ake samunsa.

Washegari na je kasuwa na samo hano da marke da ɗoɗɗoya. Na sa aka kawo turmi, na juya baya, na fara daka. Ƙamshin hano ya tashi. Ban kai bugu talatin ba na ji Uwata ta ja numfashi. Yaya ta miƙe da kanta, wadda sai an ɗaga ta. Ta zagaya bayan ɗaki tana lalube a jikin bango, tana neman wani abu da ba ya nan. Ta fita ƙofa. Muka bi ta. Ta yi taku kamar ashirin, sai ga titi, ga babura, ga shagon masu gyaran salula yana ta kiɗa. Ta tsaya tsakiyar hanya tana juyawa, sai ta fashe da kuka kamar yarinyar da ta ɓata ran kasuwa.

Ɗanta ya ɗauko ta a hannu ya dawo da ita. Ransa ya ɓaci sosai. Ya ce, "Kin gani? Shekara nawa ba ki zo kin kwana bakwai a wurinta ba, yau saboda ganye kin zo kina sa ta kuka."

Ban taɓa barin ɗan da na goya ya gaya min magana ba. Ran nan na bari, don gaskiya ya faɗa. Sai da ya huce na ce, "Ƙafarta ta tuna, hanyar ce ba tata ba. Ka kai mu ƙauye, sau ɗaya. In ta yi kuka, ni da kaina zan ce a juyo, kuma ba zan sake ba." Matarsa ce ta sa baki. Ta ce, "Ka bar ta ta je. Tun da ta zo gidan nan ban ga ta tashi da niyyar zuwa wani wuri ba sai yau."

Ran kasuwar Partago muka tafi, a motar da ɗan Yaya yake ɗauko awaki da ita. Gidan yana nan, dangin mijinta ke ciki, an sa kwano a madadin jinka amma ɗakin girkin bai canja wuri ba. Muka kwana. Da rana ta ɗan ɗaga na shiga da turmi. Wannan karon na ba Uwata taɓarya, na nuna mata bugun, biyu a jere sannan a huta, don ni yau ba zan juya baya ba. Na ce, "Inna, ki yafe min," na tsaya a bakin ƙofa.

Yaya ta miƙe. Ta nufi bayan rumbu, ta sa hannu ba tare da ta duba ba, ta jawo maƙata, doguwar gorar nan mai ƙugiya da ake jawo reshe da ita. Ta ciro farin ɗankwalin da ke kanta ta riƙe. Ta fice ta ƙofar baya.

Na yafito Uwata, muka bi ta daga nesa, ɗanta a bayanmu. Raɓa ba ta gama bushewa ba, ciyawa ta kai ƙugu, tururin ƙasa yana tashi, ita kuma tana tafe a cikinsa gorar tana rangaji a kafaɗarta. Bayanta ya miƙe. Na rantse a wannan tafiyar ba tsohuwa nake bi ba, yarinyar nan ce mai tsayi da ke riƙe min hannu in za mu rijiya. Ta ratsa kunyoyin doya, ta bi gefen wani kwari, ta zagaye wani dutse kamar jiya ta bar shi. Muka shiga gonar kashu, sabuwa, bishiyoyin a jere. A tsakiyarta ta tsaya.

Ba komai a wurin. Fili ne, da sama a buɗe.

Ta shimfiɗa farin ɗankwalin a ƙasa, ta daidaita gefensa. Ta ɗaga maƙata da hannu biyu, sama can, ta saƙala ta a jikin iska, ta murɗa, ta ja. Ta sake. Tana ɗaga kai tana kanne ido, kamar ganye na tare mata rana. Uwata ta riƙe min hannu. Ta raɗa min, "An sare bishiyar, Kaka. Mun makara."

Ni kuwa ina kallon hannun Yaya. Ba ganye take tsinka ba, mai tsinkar ganye ba ya murɗawa. Ba 'ya'ya take kaɗowa ba, mai kaɗo 'ya'ya ba ya shimfiɗa farin ƙyalle. Abu ɗaya ne a duk dajin nan ake ɓallowa daga saman reshe, ba a magana, ba a bari ya taɓa ƙasa. Kauci. Ɗan tsiron nan da tsuntsu ke shukawa a kan wata bishiya, ya zauna a jikinta yana shan ruwanta. Duk mai magani ta san shi, kuma ta san kauci ɗan gidan da ya sauka ne, na kaɗanya daban, na tsamiya daban, na ɗorawa daban. Sanin kauci ne bai isa ba sai an san mai masaukinsa.

Na durƙusa da gwiwoyin nan nawa, na rarrafa ina buɗa ciyawa a gaban ƙafarta. Ga kututture, baƙi, an ƙone shi. Amma daga gefensa wasu 'yan rassa sun tofo, tsawon hannu, ganyensu biyar biyar a kan kara ɗaya, masu sheƙi. Na murje ɗaya na shinshina. Ɗinya. Ɗinyar da muke tsintar 'ya'yanta baƙaƙe har harshenmu ya rine.

Na zauna daɓas a ƙasa ina dariya, hawaye yana zuba. Shekara hamsin ina zaton wata saiwa ce daga bayan duniya.

Mutanen ƙauyen suka ce akwai ɗinya a bakin rafi, da ɗan tafiya. Ɗan Yaya ya goya uwarsa. A ɗinya ta uku muka ga kaucin, can sama, curi guda, furensa ja tsaye kamar tsinken ashana. Ɗan Yaya ya sauke ta, ya saƙala maƙata, ni da Uwata muka riƙe ɗankwalin ta gefe huɗu, ya faɗo a ciki bai taɓa ƙasa ba. Na kai wa Yaya inda take zaune a kan saiwa, na ajiye mata a cinya.

Ta duba. Yatsunta suka fara aiki. Ta cire furen duka ta zubar, ta cire tsofaffin ganye, ta bar matasa da ɗanyen kara, tana kakkarya shi gaɓa gaɓa. Uwata tana tsugune tana rubuta kowane motsi. Da ta gama ta ƙulle, ƙulli biyu da kunne ɗaya a sake, irin wanda na yi shekara goma sha ɗaya ina kwancewa a Parakou. Sannan ta ɗago ta dube ni, sosai, ta ɓata fuska.

Ta ce, "Ke kuma sai yanzu? Doya har ta kusa ƙarewa."

Na ce, "Mota ce ta lalace, Yaya."

Ta ce, "Kullum mota." Ta miƙo min ƙullin, sai kuma ta janye. "Ba yanzu ba. Kwana bakwai."

Kafin mu kai gida ta koma tambayata ko daga Salaga nake. Amma kwana bakwai ɗin na yi su, na karɓi cokali daga hannun matar ɗanta na ce ta je ta yi barci. Ran na takwas na daka, muka gauraya. Launin ya yi daidai da na batta, ƙamshin ma haka, ko da yake hancina ya tsufa, ba zan yi rantsuwa a kansa ba.

Bayan wata uku Uwata ta zo ta same ni ina tankaɗe. Ta ce taurarin sun lafa, kusan kamar na farantin nan na uku. Kusan, ta ce, kuma sai ta maimaita, sai wasu ma sun maimaita a wani wuri kafin a ce an san wani abu. Ta ce za ta rubuta duka huɗun a takarda ɗaya, kowa ya karanta. Na tuna Inna da dabararta. Na ga dabarar ta riƙe mu shekara talatin da ɗoriya, kuma saura ƙiris ta tafi da maganin kabari. Na ce ta rubuta.

Ta ce a farkon takardar akan sa sunan wanda aka samo ilimin a wurinsa, za ta sa nawa.

Na ce, "Ki sa na Yaya a sama. Nawa a ƙasa."

Ta ce, "Kaka, lafiya? In kira likita?"

Na jefe ta da murfin kwano. Sannan na ce ta karanta min yadda ta rubuta, in ji da kunnena, don yaran yanzu ba a yarda da su. Ta karanta, na sa ta maimaita.

Maƙwabciyar nan tawa ta zo karɓar gari bayan sallar la'asar, ta dangwala a harshe ta ce, "Hajiya, ƙarfin ya dawo." Na ce, "Na yayata ne, ta Djougou. Ni uku kawai na sani." Ta tsaya baki buɗe. Na ce ta rufe kada ƙuda ya shiga, kuma ta gaya wa sauran kada su zo ran Laraba, ba na nan. Na riga na kama wuri a motar safe ta Djougou.